Ba Zan Goge Awon Magariba Ba

Zuwa ga aminiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da sanyin ƙasar da kike. Tunda kin daina ɗaga wayata, na ga gara in rubuto miki a nan, inda kowa zai gani.

Amsata tana nan yadda take: ba zan goge awon magariba ba.

Kin tuna ranar da muka ɗora na'urar awon nan a rufin sashenmu na makaranta a Kontagora, kafin ki samu karatun waje? Ke kika riƙe tsani, ni na hau. Masu wucewa suna tambaya ko ta kallon ƙwallo ce. Kika tsaya kina yi musu bayani cewa can sama, nesa da inda jirgi ke bi, rana tana cika sarari da ƙananan ƙwayoyin lantarki, kuma su ke jinkirta saƙon tauraron ɗan'adam kafin ya iso ƙasa. Namu aikin mu auna yawansu, mu gwada da lissafin hasashen da masana suka gina, mu ga ko ya faɗi gaskiya game da samanmu.

Da safe lissafin yakan zo kusa. Da rana ma ba laifi. Amma da an kira magariba sai su raba hanya: lissafi ya ce ƙwayoyin sun ragu, na'ura ta ce suna nan jingim. Kin fi ni sanin cewa yawancinsu a can ƙololuwar sararin suke, inda lissafin ya fi rauni.

Yanzu da kika shiga cikin masu kula da lissafin, sai kika ce wutar lantarkin garinmu ce ke rikita na'urar, in cire waɗannan sa'o'i daga takardar bincikenmu. "Habiba, ki bari kawai, ba wanda zai yarda da Kontagora." Wallahi maganar nan ta yi mini zafi, don daga bakinki ta fito.

Duk da haka ban yi watsi da ita ba. Na kwance na'urar, na rungume ta a mota har Tungan Magajiya, gidan Gwaggo, na haɗa ta da batir da sola. Ba janareto, ba wayar wuta. Abin da ta faɗa a gari shi ta maimaita. Na tura miki. Amsarki layi ɗaya ce: a cire sunanki.

Ga abin da ba ki sani ba. A Sahon Rami mai awon fili ya kafa alamar iyakar wata gona da yamma, da ƙaramar na'urar GPS mai aiki da saƙon tauraron ɗan'adam. Washegari da ya sake aunawa, sai ta nuna alamar ta shiga burtalin shanu. Mai gona da makiyayi har sun ɗaga sanduna kafin dattawa su shiga tsakani. Ban ce takardarmu za ta raba irin wannan rigima ba. Amma kuskuren da aka yi a sama, a gonar wani yake sauka, kuma ni nake zaune da mutanen.

Na cire sunanki kamar yadda kika so. Na aika wa mujallar masana takardar da awon gaba ɗaya. In sun dawo da ita, zan kai ta wani wuri.

Balki, na je Nasko na gaida Innarki. Gwiwar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida. Ta ƙulla miki daddawa da kuka, suna nan wurina. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Har yanzu dai kanku ɗaya ko?" Na ce mata ƙwarai kuwa. Don Allah kada ki mayar da ni maƙaryaciya a wurin tsohuwa.

Allah Ya tsare min ke a baƙon wuri, Ya raya zuri'arki, Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ƙarfin tsayawa a kanta, ni da ke duka. Amin.

Taki, ko kina fushi,
Habiba