Bargon Inna a Jikin Inji

Laraba, bayan isha'i

Har yanzu jikina a sanyaye yake. Ƙanwata Hadiza ta kira daga Kanada a wayar shagon maƙwabcinmu, tana kuka. Wai ruwan da ya kwana a tiyon injin wankinta ne ya daskare ya fasa tiyon. Da ya narke ya malala gidan mutanen da ke ƙasansu, mai gidan hayar har yana maganar su Hadiza su tashi.

Ni ce fa na sa ta fitar da injin baranda! Na ce mata wa ya taɓa wanki inda ake girki? Mu nan unguwarmu Briqueterie a tsakar gida muke yi.

Na ce, "Ruwa ya zama ƙanƙara babu firigo, babu injin sanyi?" Ta ce, "Yaya, ko nama kika ajiye a waje dutse yake zama." Ni kuwa tun da aka rufe kamfanin su Malam, mijina, ƙanƙara nake sayarwa, yau ma an ɗauke wuta duk ta narke.

Wai yanzu kullum sai ta tsiyaye tiyon, ta naɗe injin da bargon da Inna ta ba ta. Na kasa tambayarta ita da me take rufa.