Mun Ci Argungu Ba Tare da Dogo Ba

Zuwa ga Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajo da yara. Ya zaman Ikko, ya aiki? Inna da Baba suna nan lafiya lau.

Bayan haka, kai ne ka ce ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta mutu ranar da 'yan Sakkwato sunka ɗauke gwaninmu Dogo. To, janye maganarka! Har shugaban makaranta ya rantse in munka sha kashi a Argungu, filinmu na siminti zai koma wurin shanyar shinkafa.

Malam Garba mai horar da mu bai nemo wani dogo ba. Wurin magina ya kai mu, mako guda muna jefa tubali hannu zuwa hannu. Na fusata na ce, "Malam, 'yan ƙwallo muke ko leburori?" Ya ce, "Kai dai jefa, sarkin baki. In ka riƙe tubali, aikin gini ya tsaya."

Ranar Asabar 'yan Argungu sunka rasa wanda za su tsare, don ƙwallo ba ta zama hannun kowa. Dab da tashi muna kunnen doki, ga ta hannuna, zuciya na cewa in jefa da kaina. Sai na ji Malam ya ƙwala ihu, "Tubali!" Na miƙa wa Mamman Gajere, ya zura ta kwando.

Wallahi har na yi hawaye. Shinkafa ta nemi wani wuri!

Ka sa mu addu'a, wata mai zuwa da su Dogo za mu kara. Gaishe da Kawu Sani.

Ƙanenka,
Umaru