Bandar Jatanlande

Talata da dare, Nima, 1998

Na dawo daga garin Ada, can bakin teku. Jatanlanden da muke kiwo a can duk sun mutu.

Wani mai gwajin cututtukan kifi ya ce mu jiƙa waɗanda suka fara mutuwa a barasar asibiti, a aika waje, na'ura ta nemo alamar ƙwayar cutar a namansu. Baba ya ce barasa ba za ta shiga gidansa ba, sai Iya ta yi musu banda kada su ruɓe. Yau na kai wa mai gwajin, ya shinshina, ya miƙo mini su: "Ɗan'uwa, wannan na miya ne."

Ko fushi ban yi ba. Iya ta daka su a shito, soyayyen yajin nan. Na ci da dokunu, tuwon masara mai tsami, ban ji ɗanɗanon komai ba.