Agogon Malam Afwilile

Tukuyu, 6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Subilaga,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidanki, yaya zafin Dar es Salaam? Ina fata yara sun warke daga tarin nan. Ni lafiya, sai gwiwa, ita kuma ba yau ta fara ba. Na rubuto ne don kin san kunnena da waya ba sa shiri, maganar kuma tana da tsawo. Kwandastan motar safe zai miƙa miki.

Ranar Alhamis Ipyana ya zo daga Mbeya, dogon nan mai sanƙo da ya kama gaban akwatin babanki ranar jana'iza. Shi ne shugaban masu Kigoda yanzu. Ya shigo da sukari kilo biyu, tun daga nan na san ba abin daɗi ya kawo ba.

Kin fi ni sanin Kigoda, amma bari in faɗa yadda na gane, ki ga ko na ji daidai. Shi ne abin da mutum ke fara gani in ya kunna kwamfuta: wurin ajiye takardu, wurin rubutu, agogo a gefe. Ba na kowa ba ne, ba a sayar da shi, wanda ya iya sai ya sa hannu. Ƙarshen Mayu za su fitar da sabo. Bana suna so ya yi sauƙi don tsofaffin kwamfutocin asibitocin ƙauye su iya ɗauka, saboda haka suna zubar da kaya. Duk abin da zai zauna a ciki sai ya cika sharaɗi biyu: ana amfani da shi, kuma akwai mai rai da ke amsa ƙorafi a kansa. Wai agogon babanki ya faɗi duka biyun.

Ya ce wata takwas suna aika masa saƙo ba amsa. Na ce to ai ya mutu, kai ka ɗauke shi, da wane hannu zai amsa? Ya ce kuma ƙidaya ta nuna kwamfuta huɗu ne kawai ke da agogon. Na ce wa ya ƙirga? Wai kwamfutocin da kansu suke faɗa in sun hau intanet. Na ce, "Ipyana, a asibitinmu ko waya sai ka hau tudun bayan coci kafin ta kama. Kwamfutar ce za ta hau tudun?" Sai ya shafa sanƙonsa.

Ban sani ba ko babanki ya taɓa gaya miki dalilin agogon. Mama Ntuli ce, maƙwabciyarmu mai ciwon suga. Kwamfutar asibiti ta buga mata kati ta zo ɗibar jini ƙarfe takwas, kada ta ci komai. Takwas ɗin Bature ake nufi, da safe. Ita kuwa ta ƙirga yadda kowa ke ƙirgawa a nan, daga fitowar rana, sai takwas ta kama bayan rana ta karkata. Ta wuni da yunwa, ta faɗi a hanyar gonar shayi, da ƙyar aka farfaɗo da ita. Shi ne babanki ya zauna wata uku ya yi agogon da ke buga lokaci irin namu a kati.

In sun cire shi, ma'aikacin gunduma zai zagaya ya sa sabon a ko'ina, katunan su koma yadda suke da. Wani zai faɗi, kuma ba kullum ake tsintar mutum da sauran numfashi ba.

Ke aikinki ke nan a bankin nan, kwamfuta. Ki karɓi riƙon agogon. Ƙidayar ki bar mini ita.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya tsare.

Mahaifiyarki,
Tumpale

Tukuyu, 27 ga Afrilu

Subilaga,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gidan, don ban ji daga gare ki ba balle in sani. Kwandasta ya rantse a hannunki ya sa takardar.

Na samo littafin babanki mai baƙin bango, inda yake rubuta duk wurin da ya sa Kigoda. Wuri talatin da ɗaya. Na ɗauki Ambokile mai acaɓa, don shi yana da 'ya'ya biyar, ba ya gudu. Sati biyu da rabi muna yawo cikin ruwan nan. Duk inda na je sai in sa su kunna kwamfutar in ga agogon da idona, sannan nas ta rubuta suna amfani da shi ta buga hatimi.

Sau ɗaya muka zube a taɓo wajen gangaren Kiwira. Ban karye ba. Na ɗaga jakar takardun sama, Ambokile ya ce shi bai taɓa ganin tsohuwar da ta fi son takarda a kan ƙugunta ba. Na ce ya ja bakinsa ya ɗaga babur.

A wani asibitin wata nas mai suna Tusekile ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mama, kamfen kike yi? Kujerar me kike nema?" Na ce in kamfen ne da na zo miki da atamfa, buga hatimi in wuce. Da na yi mata bayani sai ta daina zolaya. Ta ce ita ta ɗauka haka kwamfuta take zuwa daga kamfani, ba ta san wani ne ya zauna ya yi ba. Ta ce rabin masu karɓar maganin hawan jini a wurinta ba su san wani lokaci ba sai namu. Har bakin hanya ta rako ni tana tambaya ko da gaske za a cire. Da babanki ya ji ba a san shi ya yi ba, daɗi zai ji, shi haka yake. Ni haushi na ji.

Wuri biyar kwamfutar ta mutu, ɗaya ma kaza ce ke ƙwai a cikin kwalinta. Wuri biyu gada ta karye ba mu isa ba. Na samu hatimi ashirin da huɗu.

Amma Ipyana ya ce takarda rabin magana ce, ɗaya rabin ke ce. Abinci ba ya shiga mini sosai kwanakin nan. Jiya na dafa ayaba da wake na zauna ina kallonta har ta huce. In aiki ne ya yi miki yawa ki faɗa. In ba kya so ki faɗa, in san inda zan nufa. Shirun ne ba na so.

Gaisuwa ga kowa.

Mamarki,
Tumpale

Tukuyu, 17 ga Mayu

Subilaga,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Jiya na je taronsu a Mbeya. Ba su gayyace ni ba, amma Ipyana ya taɓa cewa ƙofar a buɗe take ga kowa, sai na riƙe shi a kan maganarsa.

Ɗaki ne a bayan wani shagon shayi. Su tara a zaune, wasu kuma kawunansu ne kawai a fuskar kwamfuta, daga Nairobi, daga Kampala, da wani Bature da kyanwa ke ta hawa kafaɗarsa. Ɗaya bayan ɗaya suke ɗauko kayan, a yi gardama, a ɗaga hannu. Abin rubutu biyu ne, suka yi awa guda kafin su zubar da ɗaya, mai shi ya kusa kuka. Suka cire hotunan ado. Suka bar abin duba hoto don masu awon ciki. Da aka zo kan wasan karta, manyan mutane da gemu suka tashi tsaye.

Wani Lusajo, mai ƙaton ciki da agogon hannu kamar faranti, shi ya fi kowa zaƙewa a kan na babanki. Ya ce agogo biyu a wuri ɗaya ɓarna ce, kuma har yaushe za a yi ta lallaɓa tsofaffi, su koyi lokacin duniya mana. Na tambaye shi ƙarfe nawa ya gaya wa uwarsa zai zo taron nan. Ya ce huɗu. Na ce takardar taron goma aka rubuta. Aka yi masa dariya har Baturen, bayan an fassara masa. Na ce uwarka ba ta koya ba, Mama Ntuli ce za ta koya?

Sai na zazzage takardun a kan tebur. Wata mata daga Kampala ta sa aka ɗaga kowace ɗaya ta gani. Ta ce lallai ƙidayarsu makauniya ce, wanda ba shi da intanet ba ta ganinsa, alhali don shi ake yin abin. Suka yarda da wannan, har Lusajo.

Sai aka zo sharaɗi na biyu. Ipyana ya ce wa zai riƙe agogon. Shi abu goma sha ɗaya ne a kansa, ya ce in ya ƙara matarsa za ta kore shi. Sauran kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a sa sunana. Lusajo ya ce, ba da raini ba wannan karon, "Mama, in ya lalace za ki iya gyarawa?" Na ce a'a. Ya ce to in suka sa ni, sun yi wa nas-nas ɗin nan ƙarya ke nan. Gaskiya ya faɗa, ban ji daɗinta ba.

Na ce ina da 'ya. Suka ce ta rubuto da kanta kafin Jumma'a ashirin da tara ga wata. In ba ta rubuto ba, za su rufe sabon ba tare da agogon ba.

Na faɗi sunanki a gaban mutane, Subilaga, ban san ko kina nan ba.

Ina jira. Allah ya kiyaye ku.

Tumpale Mwaisumo

Tukuyu, 26 ga Mayu

'Yata,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso yau da rana. Na gode Allah da kuke lafiya. Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau na fasto.

Ashe ba aiki ba ne. Kin ce kin buɗe takardun agogon tun watan jiya, kin ga layin da aka rubuta Afwilile Mwaisumo, mai riƙo, kuma sai kin goge wannan kafin ki sa naki. Kin ce maganarku ta ƙarshe faɗa ce, kika ce masa yana ɓata tsufansa a aikin banza da ba a ko gode masa, yanzu kuma ke ce za ki share shi.

To saurara. Ni ma na gaya masa haka, ya fi sau ɗari, wani lokacin da muciya a hannuna. Ranar da kuka yi faɗan ya ajiye waya ya ce yarinyar nan bakina ta ɗauko, ya ci tuwonsa ya ƙara. Bai kwana da ke a rai ba. Ke ce kike ta kwana da shi.

Layin nan ba kabari ba ne. Kabarinsa na bayan coci, ni nake share shi. Layin nan na wanda za a kira ne in kati ya fito ba daidai ba, kuma babanki ba ya amsawa. Ki goge.

Motar gobe za ta iso ku da yamma. Kina da Alhamis, kina da Jumma'a. Kada ki tsaya rubuto mini amsa, su za ki rubuta wa.

Mahaifiyarki,
Tumpale

Tukuyu, 2 ga Yuni

Subilaga,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Ruwa ya ɗauke, gwiwa ta ɗan lafa.

Ipyana ya zo jiya, ba sukari. Ya ce saƙonki ya shigo Jumma'a da la'asar, har kin gyara wani abu da ya daɗe yana damun su. Agogon ya shiga. Wasan karta ne ya fita, Lusajo da ke son wasan ba ya gaida kowa. Ya nuna mini layin a wayarsa, na sa ya ƙara masa girma. An rubuta sunanki daidai.

Na gaya wa Mama Ntuli. Ta ce ita ba ta ma san ana wata magana ba, ta tambaye ni ko ina da gishiri.

Akwai kwali a hannun kwandasta. Ayaba ce da shinkafar Kyela, a ƙasa kuma kwamfutar babanki, na naɗe ta da zane. Tun da ya rasu ban kashe ta ba. Duk saƙon da ya shigo masa sai ta yi 'yar ƙara, ni kuma in ina tsakar gida in ce masa ana kiranka. Ipyana ya ce yanzu wurinki za su riƙa zuwa. Na jira wuni guda, ba ta yi ƙara ba, sai na zare wayar wutar.

In sun kira ki, ki amsa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Tumpale Mwaisumo