Kason Ungozoma

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku tsine mini ku karanta har ƙarshe, ko da yake na san tsinuwar ta dace da ni.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa. Rabin magidantan garinmu ni na yanke musu cibiya. Sai ga wata yarinya, bari in kira ta Hadiza, ta yi ɗan kwas a asibiti ta dawo da safar hannu da almakashi, tana gaya wa mata wai rezata ce ke kashe jarirai. A gidan suna, gaban jama'a, ta ce mini, "Inna, ki huta haka nan, zamaninki ya wuce." Aka yi dariya. Mijinta ma ni na karɓi haihuwarsa! Daga ranar ko naƙudar akuya ba a ƙara kirana ba, ni kuwa na ƙulle ta a zuciya.

Da damina, ina dawowa daga kasuwar 'Yankara, 'yan bindiga suka tare ni, suka ɗora ni a babur zuwa daji. Matar ubangidansu ce ke kan gwiwa kwana biyu. Da bindiga a ƙeyata wa zan ce wa a'a? Na karɓi haihuwar, namiji, suka mayar da ni bakin hanya. Ban faɗa wa kowa ba.

Ashe ɓarayin ma sun san al'ada. Ranar suna da hantsi, ina shara a ƙofar gida, wani mai babur da rawani ya tsaya da cinyar rago da turmin atamfa, kason ungozoma. Bai san fuskata ba. Ya ce, "Iya, ina gidan ungozomar garin ga? Saƙo na daga daji." Maza na zaune gindin dalbejiya suna ji. Zan iya cewa ban sani ba. Amma na ɗaga tsintsiyata na nuna masa ƙofar Hadiza. Ba tsoro kaɗai ba ne, kada in yi muku ƙarya, har da daɗi na ji.

Kafin la'asar 'yan sa-kai sun fito da ita ba ko mayafi, da cikinta wata bakwai, cinyar ragon rataye a wuyanta. Matan da ta karɓi haihuwarsu su ne suka fi kowa jifanta. Tana rantsuwa, tana kallona tana cewa, "Inna, ki hwaɗa masu, kin san ni!" Na ce ni dai ban san abin da ake koya musu a asibiti ba. Aka miƙa ta ga jami'an tsaro.

Na ɗauka za ta sha mari ta kwana biyu a sako ta. Sai mijinta ya dawo da maganar lauya: yanzu doka ta ɗauki 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, wanda aka samu da taimaka musu na iya share shekara ashirin a kurkuku, haka ma wanda ya san wani abu ya ɓoye. Lauyan ya ce abin da zai wanke ta shi ne a samo wadda ta je dajin. Ina zaune a gidan mijin ina tafa hannu ina salati tare da danginta. Wace irin mace ce ni? Mata sun dawo hannuna, ana ta kirana, ina cin naman suna ina ƙiba.

Makon jiya Hadiza ta haihu a tsare, ita da ta karɓi 'ya'yan mutane ba ta samu mai riƙe mata hannu ba. Ranar suna mijin ya yanka rago a gida, ba uwa ba ɗiya. Da yamma ya yi sallama, ya durƙusa ya ajiye mini cinya. Ya ce, "Inna, da tana gida ke za ki amshi haihuwar ga. Kasonki na. Ki sa ta cikin addu'a."

Kwana uku ke nan naman na rataye a ɗakina, ya fara wari, na kasa ci na kasa zubarwa. In na yi magana, ni ce zan tsufa a kurkuku, in ma mutanen gari ko na daji sun bar ni da rai. In na yi shiru, jaririyar nan a can za ta koyi tafiya. Me zan yi?