Kofin Azurfar Mama

Sabon Gari, Maraɗi
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahma da yara. Yaya aiki, yaya zafin Arlit? Mu nan sai godiya. Tunda rezo ɗin wayarku ba ya barin a ƙare magana, na ga gara in rubuto, direban Baffa Auwal ya kawo maka.

Maganar Mama ce. Ba ciwo take ba, mantuwar ce ta ƙaru. Ta daina Hausa, ta daina Faransanci. Matar da ta yi shekaru tana ciniki da matan Jiratawa har da habaici, lokacin da marigayi Baba yake aikin ruwan fadama, yanzu ba ta yin komai sai Rashancin da ta taso da shi. Ni kuwa abin da na riƙe bai wuce "na gode" da "zo nan" ba. Likita ya ce haka cutar take, harshen farko ne ke saura.

Abin da ya fi damuna shi ne sha. Duk kofin da na miƙa mata sai ta kau da kai. Shekaranjiya ina neman zanen gado a akwatin da ta zo da shi daga Rasha, sai ga kayan azurfar kakarta: cokula shida, da ƙaramin kofin nan mai kama da kwalekwale, mai mariƙi guda, wanda ba a bari mu taɓa muna yara. Jikinsa duk furanni ne, shuɗi da kore da ja, kowane launi cikin ɗan shingensa na siririn zaren azurfa. Da ta hango shi sai ta miƙo hannu biyu. Na zuba shayi, ta shanye. Tun daga nan ruwa da kunu da magani duk a ciki take sha.

A gaida mutanen gida. Ɗiyata Tahira tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Salima


Sabon Gari, Maraɗi
21 ga Afrilu

Yaya Abdulƙarim,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan jikin ɗanka Bilal ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin Baffa Auwal, shi zan amsa.

Yadda abin ya faru: kofin ya suɓuce daga hannun Mama ya faɗi a siminti. Ya tsage daidai inda mariƙin ya haɗu da jiki, duk abin da aka zuba sai ya bi hannunta. Na liƙe da kol, wato gam, ta ji warin ta ture. Na gwada cokulan, tana karɓar biyu ta rufe baki. Ga zafin da ake yi. An yi mata ƙarin ruwa a asibiti, ta fizge allurar.

Na kai shi wurin Malam Tanimu, maƙerin azurfa na bakin kasuwa. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce launin ba fenti ba ne, gilashi ne aka niƙa kamar gari, aka cika tsakanin zaren, aka gasa har ya narke, launi bayan launi. Ya ce ya taɓa ji, bai taɓa riƙewa ba. Na tambaye shi ko zai gyaru. Ya ce, "Hajiya, liƙin azurfa sai da wuta, gilashi kuwa ba ya shiri da wutata. Zan iya tsayar da yoyon, amma furannin ba zan iya yi miki alkawarinsu ba."

Baffa ya kawo wani baƙonsa na Kwatano mai sayen kayan zamanin da. Ya duba tambarin da ke ƙasan kofin da madubi, ya ce aikin zamanin sarakunan Rasha ne, ya haura shekara ɗari, kuma da tsagar ma akwai masu nema, muddin wuta ba ta taɓa shi ba. Baffa ya ce gadonmu ne mu biyu, ba ni da ikon ƙona rabonka. Kai ma ka aiko cewa in dakata, shi da cokulan kaɗai ne shaidar dangin Mama da muke da ita, kuma yunwa da ƙishirwa za su sa ta haƙura da wani kofin.

Na dakata, Yaya. Ba ta haƙura ba. Leɓɓanta sun tsattsage, jiya ba ta iya tashi zaune ba. Yau da safe na mayar wa Malam Tanimu na ce ya sa wuta. Na rubuto ne don ka ji daga gare ni.

Ka huta lafiya.

Salima


Tsibiri
30 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya ji ƙan Mama, ya sa ta huta. Na san hanya ce ta hana ka, kowa ma ya sani. An sa ta kusa da Baba a nan Tsibiri. Matan Jiratawa sun zo mota guda, waɗansu ban ma san su ba. Ina gidan Gwaggo Zalihatu har a gama karɓar gaisuwa.

Ba ka amsa wasiƙata ta baya ba, don haka ba ka san yadda aka ƙare ba. Malam Tanimu ya lulluɓe kofin da jiƙaƙƙen yumɓu, ya bar tsagar kawai. Duk da haka ina tsaye na ji gilashin yana fashewa ƙas-ƙas kamar gero a tanda. Furannin gefen mariƙin sun tafi gaba ɗaya, saura zaren azurfa baƙi ƙirin, babu komai a tsakani. Ɗaya gefen ya tsira, sai dai jan ya koma ruwan ƙasa. Bai karɓi ladan aiki ba, ya ce shi bai ga gyaran da ya yi ba.

Da na kai mata ta shafa wurin da ya ƙone da babban yatsa, ta dube ni ta yi wata magana mai tsawo. Daga muryar na san faɗa ne. Sannan ta miƙo a zuba mata. Ta ƙara wata biyu tana sha a ciki, har ta koma zama a tsakar gida da yamma. Ranar da za ta rasu ma ta sha kunu da hantsi.

Baƙon Baffa ya sake dubawa, ya ce yanzu ba shi da daraja sai ta nauyin azurfarsa. Ban yi masa musu ba.

Ga cokulan nan cikin ƙullin da direba zai ba ka, duka shidan, ba abin da ya same su. Su ne rabonka da nawa. Kofin na riƙe, tunda ni na ƙona shi.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ko bayan arba'in ne ka zo.

Ƙanwarka,
Salima