Bitamin ɗin Walida

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aiki, ya zaman Legas?

Maganar 'yata Walida ce ta sa na rubuto. Likita ya ce ramar da take yi daga alkama ce, cikinta ba ya ɗaukarta ko kaɗan. Ya hana gurasa, taliya da burodi. Ya ce a ba ta bitamin na yara, amma sai wanda aka rubuta a jikinsa babu gulutin, wato sinadarin alkama.

Na bi kemis-kemis daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku. Kin san halinsu, sai su ɗebo ƙwayoyi daga babban gwangwani su ƙulle a leda. Wani har ce mini ya yi, "Hajiya, bitamin ai bitamin ne." Da ƙyar na samu kwalba ɗaya a Tarauni.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar Inna, surukata, ta juye ƙwayoyin Walida cikin kwalbar bitamin ɗin sauran yaran, wai kwalabe sun cika ɗaki. Duk jajaye ne, girmansu ɗaya. Ta ce, "Na ba ta guda, ta haɗiye lafiya lau."

Tun jiya cikin Walida ya kumbura. Ta daina wasa, tana kwance tana kallona. Gobe za mu koma asibiti.

Don Allah ki nemo mana bitamin marar gulutin a can, a rufe cikin kwalinsa. Ki gaishe da kowa, ku sa ta a addu'a sosai, Yaya. Yau ko kunun gyaɗar da take so ba ta karɓa ba.

Ƙanwarki,
Binta